Jaririn da bai yi kuka ba: me ya sa aka bar zuƙe majina da oksijin zalla?

Ungozomar_Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana ma'aikata. Tambayata a kan jaririn da aka haifa bai yi kuka ba ce. Abin da aka koya wa da yawa a da shi ne: da kai ya fito a zuƙe baki da hanci, a yanke cibiya nan take, a ɗaga shi ta ƙafa a bubbuga, in bai motsa ba a buɗe masa oksijin har ƙarshe. In kuma ruwan faya ya zo kore da kashin jariri, a zuƙe har maƙogwaro kafin a yi komai. Yanzu ƙa'idojin da ake kawowa a bita sun ce kusan duk wannan a daina. Sai ka tarar a ɗakin haihuwa ɗaya mai aikin safe na bin sabon tsari, mai aikin dare na bin tsoho, ɗalibai sun rasa wa za su bi.

Wace hujja ce ta sa aka canza? Me ya kamata ungozoma ta yi, ɗaya bayan ɗaya, idan ita kaɗai ce da jakar ambu, wato jakar robar da ake matsawa a hura wa jariri iska? Kuma me ke hana ƙirji ɗagawa alhali ana ta matsa jakar?

Likitan_Jarirai ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Idan aka gane abin da ke kashe jaririn nan, sauran ba za su yi wuyar fahimta ba. Babba idan ya yanke jiki ya faɗi, yawanci zuciyarsa ce ta fara tsayawa. Jariri kuwa zuciyarsa lafiya lau take, iska ce ba ta shiga huhunsa ba. A cikin mahaifa huhunsa cike yake da ruwa, mabiyiya ce ke ba shi oksijin. Numfashin farko ne ke kore ruwan, jijiyoyin jinin huhu su buɗe, jini ya fara ɗaukar oksijin da kansa. In hakan bai samu ba sai bugun zuciya ya yi ta sauka, kuma da zarar iska ta shiga, a mafi yawan lokuta, sai ya tashi ba tare da an taɓa ƙirji ko an yi allura ba.

Alƙaluman da ILCOR, kwamitin duniya mai tsara ƙa'idojin farfaɗo da marasa lafiya, ke kafa hujja da su sun nuna haka. Kusan jarirai 85 cikin 100 da suka cika watanninsu suna numfashi da kansu cikin sakan 30. Kusan 10 suna farawa bayan an goge su an shafa bayansu. Kusan 5 ne ke bukatar a hura musu iska. Waɗanda ake kaiwa ga danna musu ƙirji ko ba su adirenalin, allurar da ke zaburar da zuciya, ba su kai 1 cikin 100 ba, 'yan ƙalilan ne cikin 1,000.

Ga yadda minti na farko yake. Jariri na fitowa a duba agogo. A ɗora shi a kan cikin uwar, a goge shi sosai da tawul mai ɗumi, kai da baya da gaɓoɓi, a yar da jiƙaƙƙen a rufe shi da busasshe. Gogewar nan ita ce tayar da shi. In ya yi kuka, ya zauna a ƙirjin uwarsa, fata da fata, babu zuƙa, babu gaggawar yanke cibiya. In bai yi ba, a daidaita kansa, a shafa bayansa da tafin hannu sau biyu ko uku. In har yanzu babu numfashi, ko kuma yana fizgar numfashi ɗaya-ɗaya kamar mai shaƙuwa, a fara hura masa iska kafin minti ɗaya ya cika. Fizgar nan tana ruɗin mutane ƙwarai, a ce ai ya fara numfashi, alhali alama ce ta ƙwaƙwalwa ta jima babu oksijin. Hukuncinta ɗaya da rashin numfashi.

Dalilin da ya sa ba a tsayawa ana ta bugu shi ne ɗaukewar numfashi hawa biyu ce. A hawa na farko shafa baya na iya dawo da shi. A hawa na biyu, bayan fizgar ta ƙare, ko me aka yi wa fatarsa ba zai ja numfashi ba sai an hura masa. Da ido ba a iya bambance su, shi ya sa wanda bai amsa shafa biyu zuwa uku ba ake ɗauka yana hawa na biyu. Ɗaga shi ta ƙafa, marinsa, jijjiga shi ko watsa masa ruwan sanyi babu abin da suke ƙarawa sai rauni da sanyi da asarar lokaci. Wani bincike da aka yi a asibitin Haydom na Tanzaniya, aka buga a 2012, ya gano cewa duk jinkirin sakan 30 wajen fara hura iska yana ƙara haɗarin mutuwa ko doguwar jinya da kashi 16 cikin 100. Makin Afga, wato makin da ake auna lafiyar jariri da shi bayan haihuwa, shi ma ba a jiransa. Ana ba da shi a minti 1 da minti 5 don rubuta halin da jariri yake ciki, ba shi ke cewa a fara farfaɗowa ba.

Zuƙa kuma, tana da illa da ba a cika faɗa ba. Bututu in ya taɓa can bayan maƙogwaro yana tayar da jijiyar da ke rage bugun zuciya, yana iya sa maƙogwaro ya shaƙe, ga kuma sakan 20 ko 30 da yake ci. Ana zuƙa ne kawai idan an ga abin da ya toshe hanya, ko ƙirji ya ƙi ɗagawa. Baki kafin hanci, kada a wuce santimita 5 a baki da 3 a hanci, ƙarfin injin kada ya wuce 100 a ma'aunin mmHg.

Batun kashin jariri a ruwan faya a hankali aka warware shi. A 2000 babban gwaji ya nuna jaririn da ya fito da ƙarfinsa ba ya amfana da a sa masa bututu a zuƙe. A 2004 wani gwajin da aka buga a mujallar Lancet ya nuna zuƙe baki da hanci kafin kafaɗu su fito ba ya hana cutar shaƙar kashin. A 2015 aka daina ba da shawarar zuƙe maƙogwaron ko da jaririn ya fito babu ƙarfi, aka ƙara jaddada hakan a 2020. Mafi yawan shaƙar tun a ciki take faruwa, kuma bututu ba ya kaiwa inda kashin ya riga ya isa.

Oksijin zalla shi ne abin da ya fi wa mutane wuyar bari. Gwaje-gwajen da aka fara tun shekarun 1990, da aka tattara sakamakonsu, sun nuna jariran da aka fara hura musu iskar ɗaki, mai oksijin kashi 21, sun fi saurin jan numfashin farko kuma mutuwa ta fi ƙaranci a cikinsu. Oksijin mai yawa a kan naman jikin da ya jima babu shi yana haifar da sinadaran da ke lalata ƙwayoyin halitta. Tun 2010 ƙa'ida ita ce a fara da iskar ɗaki ga wanda ya cika watanninsa. Kuma lafiyayyen jariri ma ba ja yake fitowa ba. In akwai na'urar auna oksijin, a ɗaura ta a hannun dama: kashi 60 zuwa 65 a minti 1 daidai ne, 80 zuwa 85 a minti 5, sai 85 zuwa 95 a minti 10.

Sista_Mai_Koyarwa ta amsa:

Likita ya gama da hujja. Bari in tsaya a kan tambayarki ta ƙarshe, 'yar'uwa, don a nan aka fi rasa jarirai. Matsa jaka daban, shigar da iska huhu daban, kuma shaidar da ake da ita ita ce ɗagawar ƙirji da tashin bugun zuciya.

Tun kafin haihuwa aikin yake farawa, kuma a kowace haihuwa, domin wani jaririn babu wata alama da za ta nuna tun farko zai bukaci taimako. Wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe, mai ɗumi da haske. Tawul biyu, hula, agogo mai nuna sakan, abin sauraron ƙirji, abin zuƙa, jakar ambu ta jarirai mai ɗaukar mililita 240 ko makamancin haka, kada ta wuce 500. Ta manya mai lita ɗaya da rabi ba ta da gurbi a nan, tunda abin da huhun jariri ke ɗauka a numfashi ɗaya bai wuce mililita 5 zuwa 8 a kowane kilo ba. Mas, wato murfin robar da ake kifawa a hanci da baki, a tanadi biyu: lamba 1 ga cikakken jariri, lamba 0 ga bakwaini da ƙarami.

A gwada jakar da hannu. Ki manna mas ɗin a tafin hannunki ki matsa: ya kamata ki ji iska na tura tafin, ki ji bawul ɗin kariya, 'yar ƙofar da ke hana matsin iska yin yawa, ya saki iska in kin matsa da ƙarfi, jakar kuma ta dawo ta cika da sauri in kin saki. In ba ki ji komai ba, yawanci bayan wanki ne aka mayar da 'yar robar bawul a juye, ko aka manta da ita gaba ɗaya, ko robar mas ta tsage. Jaka irin wannan tana matsuwa lafiya lau a hannu, amma ko ɗigon iska ba ya zuwa wa jariri.

Ki tsaya ta wajen kansa. Kan jariri babba ne ta ƙeya, in aka kwantar da shi rigingine sai haɓa ta faɗa kan ƙirji hanya ta rufe. A ɗan ɗaga haɓar kaɗan, hanci na kallon sama, in da hali a sa naɗaɗɗen zane mai kaurin santimita 2 a ƙarƙashin kafaɗu. In aka lanƙwasa wuyan baya da yawa ma hanyar rufewa take yi, don bututun iskarsa laushi gare shi. A fara ɗora mas daga haɓa a mirgino shi zuwa kan hanci, kada ya hau idanu, kada ya zarce haɓa. Babban yatsa da manuni su riƙe saman mas ɗin, sauran yatsu su ɗago ƙashin muƙamuƙi zuwa cikinsa. A kan ƙashi yatsun za su zauna. In suka danna naman ƙarƙashin haɓa, harshe suke turawa ya toshe hanya. Fuskar ake ɗagowa zuwa mas, ba a danna mas a kan fuska.

Saurin matsa jaka 40 zuwa 60 a minti. Mai firgici yakan kai 100 bai sani ba, huhu bai samu ya cika ba balle ya fitar. Ƙirga da baki yana taimakawa: matsa, biyu, uku, matsa, biyu, uku. Ƙarfin farawa 20 zuwa 25 a ma'aunin santimitar ruwa, amma numfashin farko-farko na cikakken jariri na iya neman 30 ko fiye, saboda ruwan da ke huhu. A Ingila da Turai ma sukan fara da hurawa biyar dogaye, kowace sakan 2 zuwa 3. Kowane tsari wurin aikinku ya ɗauka, a tsaya a kansa kowa ya bi.

In ƙirji bai ɗaga ba, kada a ci gaba da matsawa ana fatan alheri. A sake ɗora mas a gyara kai, a gwada. Waɗannan biyun kaɗai suna warware mafi yawan matsalar. In bai yi ba, a duba baki a zuƙe abin da ke ciki, a ɗan buɗe bakin, a gwada. In bai yi ba, a ƙara ƙarfin matsawa kaɗan-kaɗan har 40, wanda wani lokaci sai an danne bawul ɗin kariya. In akwai mutum na biyu, ɗaya ya riƙe mas da hannu biyu yana ɗago muƙamuƙi, ɗaya ya matsa jaka, yoyon iska na raguwa sosai. Daga nan sai bututun maƙogwaro ga wanda ya iya, ko mas ɗin cikin maƙogwaro lamba 1 ga jaririn da ya kai kilo 2, wanda sa shi ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba.

Bugun zuciya da abin sauraro ake jin sa a gefen hagu na ƙirji, a ƙirga na sakan 6 a ninka sau 10. Taɓa gindin cibiya yakan ba da adadi ƙasa da na gaskiya, wani lokaci ba a jin komai alhali zuciya na bugawa.

Ungozomar_Dare ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Likita da Sista. Saura abu uku. Idan an ce a jinkirta yanke cibiya, yaya za a yi da wanda ke bukatar ambu? Yaushe ake fara danna ƙirji? Kuma in babu amsa, yaushe ake dakatawa?

Likitan_Jarirai ya amsa:

Danna ƙirji sai an cika sharaɗi biyu tare, Malama: bugun zuciya na ƙasa da 60 a minti, kuma an yi sakan 30 ana hura iskar da ke ɗaga ƙirji. Sharaɗi na biyun ne ake tsallakewa. Danna ƙirjin da huhunsa bai buɗe ba zagaya jini ne marar oksijin, kuma yana hana hurawar yin kyau. In ke kaɗai ce, ki riƙe ambu ki ɗaga murya a zo, kada ki saki jaka don ki danna ƙirji.

Idan ku biyu ne, mai dannawa ya zagaye ƙirjin da hannu biyu, manyan yatsu a kan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ƙashin ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, ya nutsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, ya bari ya dawo sosai kafin ya sake. Dannawa 3, hurawa 1, wato 90 da 30 a minti. A nan ne ake ɗaga oksijin zuwa kashi 100, a sauke shi da zarar bugu ya farfaɗo. Bayan sakan 60 a saurara.

In har yanzu ƙasa da 60 ne, adirenalin. Wanda ake ba jariri mai ƙarfin 1:10,000 ne. Kwalbar da aka fi samu 1:1,000 ce, sai an ɗebi mililita 1 an haɗa da 9 na ruwan gishirin asibiti. Mantawa da wannan yana nufin ba da ninki goma. Ta jijiyar cibiya, bututu ya shiga santimita 2 zuwa 4 har jini ya dawo, a ba da mililita 0.1 zuwa 0.3 a kowane kilo, an fi farawa da 0.2, wato 0.6 ga jariri mai kilo 3, a bi shi da mililita 3 na ruwan gishiri don ya isa zuciya. Ana maimaitawa duk minti 3 zuwa 5. In jaririn fari fat ne kuma an san an yi zubar jini, kamar rabuwar mabiyiya kafin haihuwa, a ba shi ruwan gishiri mililita 10 a kowane kilo cikin minti 5 zuwa 10. Bikabonet da naloksun an cire su daga magungunan farfaɗowar farko.

Dakatawa abu ne mai nauyi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 ta ce a dakata idan babu bugun zuciya ko kaɗan bayan minti 10 na hurawa mai kyau, ko kuma bugu na ƙasa da 60 babu numfashi bayan minti 20. ILCOR a 2020 ta matsar da lokacin zuwa wajen minti 20, saboda an samu jariran da suka rayu lafiya bayan minti 10 babu bugu. A ganina a ɗauki 20 inda akwai ma'aikata da wurin jinya, babba a wurin ya yanke hukunci, a yi wa iyaye bayani da tausasawa. Jaririn da ya fito fatarsa ta riga ta saɓule ne kaɗai ba a farawa. Duk wanda ya fito da sabuwar fata a hura masa, don wasu da ake rubutawa an haife su babu rai, zuciyarsu na bugawa a hankali.

Nas_Ɗakin_Bakwaini ta amsa:

Kan cibiya, Yaya: jaririn da ke numfashi a jira minti 1 zuwa 3. Cikin wannan lokacin jini kusan mililita 80 zuwa 100 ke komawa gare shi daga mabiyiya, abin da ke ƙara masa ajiyar sinadarin ƙarfe na watannin farko, bakwaini kuma ya rage masa bukatar ƙarin jini. Wanda ba ya numfashi, gogewa da shafa baya duk ana yin su cibiya na haɗe. In bai amsa ba kuma ba za a iya hura masa a gefen uwar ba, a ɗaure a yanke a kai shi teburi, iska ta fi gaggawa. Tatsar cibiya zuwa jariri kuma, kada a yi wa wanda bai kai mako 28 ba. Gwajin da aka buga a 2019 an dakatar da shi ne saboda zubar jini a ƙwaƙwalwa ya fi yawa a waɗanda aka tatsa wa.

Sanyi ne ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Zafin jiki ya zauna tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ɗaki kada ya gaza 25, a kashe fanka a rufe taga. A jariran da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, an gano duk digiri ɗaya da zafin jiki ya sauka yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 28 cikin 100. Wanda bai kai mako 32 ba ba a goge jikinsa, ana zura shi a jiƙe cikin leda mai tsabta har wuya, a goge kai a sa hula. Oksijin ɗinsa ma daban: ƙa'idar 2020 ta ce ƙasa da mako 35 a fara da kashi 21 zuwa 30 a bi na'ura, matsawa kuma a hankali don huhunsa saurin yagewa gare shi.

Bayan ya farfaɗo a duba sukarin jininsa, a riƙa duba numfashi da zafin jiki akai-akai, a lura da jijjiga, nishi da faɗawar ƙirji. Sanyaya jariri zuwa digiri 33.5 na awa 72 yana kare ƙwaƙwalwa a manyan asibitoci masu cikakken kayan jinya, amma gwajin HELIX na 2021 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladesh ya nuna mutuwa ta ƙaru a waɗanda aka sanyaya. Kada kowa ya kwaikwayi wannan da ƙanƙara ko fanka.

Sista_Mai_Koyarwa ta ƙara da cewa:

Ban so a wuce maganarki ta farko ba, ta mai aikin safe da mai aikin dare. Bita ta kwana biyu ba ta gyara wannan. Shirin horar da ma'aikata kan farfaɗo da jarirai mai suna Helping Babies Breathe da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fito da shi a 2010 ya rage mutuwar jarirai ta ranar farko da kashi 47 cikin 100 a asibitoci takwas na Tanzaniya, amma an ga cewa ƙwarewar riƙe mas tana dusashewa cikin 'yan watanni in ba a taɓawa. A Haydom sai da aka koma gajeren atisaye akai-akai a cikin ɗakin haihuwar kansa kafin canjin ya bayyana a alƙaluma.

Saboda haka 'yar tsanar atisaye ta zauna a ɗakin haihuwa, ba a kulle a ofis ba, kowa ya yi minti uku zuwa biyar a kanta lokacin karɓar aiki, manya su fara don ƙanana su ga ba abin kunya ba ne. Gwada jaka ya shiga cikin abin da ake miƙawa tsakanin masu sauka da masu hawa aiki, da sa hannu. Bayan kowane amfani a warware jakar gaɓa-gaɓa, a wanke da sabulu, a tafasa minti 20 ko a bi umarnin kamfanin da ya yi ta, a shanya ta bushe sarai, a haɗa, a sake gwadawa. A rajista a ƙara gurbi biyu: sakan nawa aka yi kafin hurawar farko, kuma ƙirji ya ɗaga ko bai ɗaga ba. Bayan kowace farfaɗowa waɗanda suka yi ta su tsaya minti biyar su faɗi abin da ya tafi daidai da abin da ya ci lokaci, ba tare da neman mai laifi ba, don in ana hukunta mutum kan lokacin da ya rubuta, gobe lokacin ƙarya zai rubuta. Injin zuƙa kuma a matsar da shi gefe, jakar ambu ta koma inda hannu ke fara kaiwa.